Ku Tambayi Anti: Me Zan Dafa wa Jaririna a Gida?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka tarun min kusan duk akan abu ɗaya suke, wato abincin yara ƙanana da ake haɗawa a gida, shi yasa nace bari in ware fitowar nan gaba ɗaya a kansa. Na ɗan rage tsawon wasu tambayoyin saboda waje, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, dan Allah ki taimaka min. Yarona wata 8 yanzu, tun da ya cika wata 6 na fara bashi kunu kuma wallahi yana sha sosai, a fida nake zuba mishi ya shanye tas sau huɗu sau biyar a rana, amma duk sanda muka je awo sai ace nauyinshi bai ƙaru yadda ya kamata ba, ni kuma na rasa ta ina matsalar take tunda dai ba ƙin ci yake ba. Meye nake yi ba daidai ba?
Daga wata uwa, haihuwar fari

AMSA: Ƙanwata, amsarki tana cikin tambayarki, a wajen da kika ce "a fida". Duk kunun da zai iya wucewa ta ƴar hudar nan ta bakin fida toh ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, yaronki ƙoshi yake yi da ruwa mai launin abinci. Kuma ba ke kaɗai bace, ita ce matsalar da na fi cin karo da ita a saƙonnin iyaye mata, shi yasa zan ɗan daɗe a nan.

Cikin jariri ɗan mitsitsi ne. Lissafin da ake yi shine kamar mililita 30 a kowane kilo ɗaya na nauyinsa, kinga yaro mai kilo 8 abin da cikinsa zai ɗauka a zama ɗaya bai kai cikin kofin nan mai mililita 250 ba. Toh in wannan ɗan wajen kika cika shi da tsararon kunu, ina abincin zai zauna? Ke babba in kika sha abu mai ruwa-ruwa kina iya ƙarawa kwano biyu uku ki cike giɓin, shi ba shi da wannan damar, dole kowane cokali da ya shiga bakinsa ya zama yana ɗauke da wani abu.

Ga gwajin da zaki dinga yi, ba ya buƙatar komai: ɗebi abincin a cokali ki karkata shi. In ya zube sharr kamar ruwa, yayi tsararo. In ya tsaya ya maƙale a cokalin, sai a hankali yake gangarowa, toh shine daidai. Daga yau ki ajiye fida a maganar abinci, cokali da ƴar roba ko ƙaramin kwano nashi shi kaɗai, saboda ki dinga ganin iya abin da ya ci. Banda haka ma fida wahalar wankewa gare ta, saura yana maƙalewa a lungunanta ƙwayoyin cuta su samu wajen zama, daga nan sai gudawa.

Na biyu, hatsi zalla ba ya isa, ko da kauri. Shinkafa, masara, alkama, dankali, duk waɗannan ƙarfi suke bayarwa amma abin da jikin yaro ya fi ƙishirwarsa a wannan lokacin shine sinadarin ayon, wanda jini ke buƙata kuma ƙwaƙwalwa ma da shi take girma. Ana haihuwar jariri da ɗan ajiyarsa na ayon da ya samo tun a ciki, ajiyar nan kuma wajen wata 6 take ƙarewa, nono kuwa duk da albarkarsa ayon ɗin cikinsa kaɗan ne. Kinga kenan dole ya fito daga kwano. Ina yake? Hanta, nama, kaza, kifi, ƙwai, wake, sai ganyayyaki masu duhun kore irin alayyahu. Na jikin dabba shi jiki ya fi saurin ɗauka. Na wake da ganye kuma in kika haɗa shi da abu mai bitamin C, kamar tumatir ko ƴan yankan lemu ko mangwaro bayan cin abincin, jiki zai fi amfana da shi. Hanta kam sau ɗaya a sati ya isa, kuma ƴar kaɗan, don bitamin A ɗin cikinta yana da yawa sosai.

Bari in baki misalin kwano ɗaya yadda zaki gane abin da nake nufi. Ki dafa dankali mai zaƙi rabi har yayi laushi, ki dafa ƙwai ɗaya ya dahu sosai har gwaiduwar ta daskare, ki murje su tare da bayan cokali, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na mai, in yayi ƙarfi ki sassauta shi da nononki da kika tatsa ko ruwan da kika dafa dankalin. Gobe kuma shinkafa da ta dahu luguf da waken da kika jiƙa kika cire ɓawonsa, da ɗan karas. Jibi kabewa da kifi, ki zauna ki bi kifin nan da yatsunki ki tsince ƙaya ɗaya bayan ɗaya, kar ki yarda da ido kaɗai. In kunun kike so ki ci gaba da shi babu laifi, amma ki dama shi da kauri ki sa masa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin waken suya da aka gasa, ko ki fasa ƙwai a ciki tun yana kan wuta ki juya har ya dahu. Man nan da nace kar ki raina shi, ƙaramin cokali ɗaya kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 40 ne, alhali duk abin da ake so yaro ɗan wata 6 zuwa 8 mai shan nono ya samu daga abinci a yini kalori 200 ne ko kusa da haka. Daga wata 9 zuwa 11 ya koma wajen 300, daga shekara ɗaya zuwa biyu wajen 550.

Akwai wata dabara da nake so ƙwarai ga yaran da kauri ke basu wahalar haɗiya. In kika jiƙa hatsi ya tsiro, kika shanya shi ya bushe sosai kika niƙa, garin nan in kika ɗebi cokali ɗaya kika zuba a kunu mai kauri da ɗuminsa, cikin ƴan mintuna zaki ga ya saki yayi laushi ba tare da kin ƙara ko ɗigon ruwa ba, saboda tsiron yana da wani sinadari mai narka sitaci. Sai ki mayar da shi kan wuta ya sake tafasa kafin ki bashi. Yayi sauƙin sha, kuma ƙarfinsa yana nan.

Yawan ci kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi sau 2 zuwa 3 a rana daga wata 6 zuwa 8, sau 3 zuwa 4 daga wata 9 zuwa sama, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani in yana so. Ana farawa da babban cokali 2 ko 3 a zama, a dinga ƙarawa har ya kai rabin kofi. Nono kuma yana nan daram, kar ki rage, har shekara 2 ko fiye. Ki gwada wannan ki koma awo a kan lokaci, in har aka ga nauyin ya tsaya cak ko yana raguwa, ko yana yawan gudawa ko zazzaɓi, toh ki nemi a duba shi sosai, don wani lokacin ba abincin kaɗai bane.

TAMBAYA: Salam Anti. Ƴata wata 4 da sati ɗaya, kwanan nan ta fara tashi cikin dare fiye da da, kuma in muna cin abinci sai ta ƙura mana ido tana tsotsar hannu. Mutane sunce nonona ne ya daina isarta in fara bata abinci. In fara?
Daga wata ƴar uwa

AMSA: A'a ƴar uwa, ki ɗan ƙara haƙuri. Tashin dare da tsotsar hannu da kallon bakin mutane halin ƴan wata 4 ne ko sun ƙoshi, ba su ne alamar ta shirya ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2001 ita ce nono zalla har wata 6, ko ruwa banda. Abin da zai nuna miki lokaci yayi shine ki ga tana riƙe kanta da kyau, tana iya zama ko da da ɗan tallafi, tana ɗaukar abu da hannunta ta kai baki, kuma in an sa mata abu a baki tana haɗiyewa maimakon harshenta ya turo shi waje. Waɗannan wajen wata 6 suke haɗuwa. In kika fara da wuri abincin zai cinye wajen nonon ne kawai, ta rage tsotso, nonon naki ya ragu da gaske, ga haɗarin gudawa. In kina son sanin ko yana isarta ki duba fitsari, in tana jiƙa nafkin sau shida ko fiye a yini kuma awo yana nuna tana ƙaruwa toh yana isarta. Ki yawaita sa ta a nono, shine yake ƙara kawo shi. Wadda aka haifa bakwaini kuma lissafinta daban ne, likitanta ne zai faɗi lokacin.

TAMBAYA: Ƴata, ni kaka ce, jikata ce ta rubuta min wannan. Surukata tana dafa wa jikana ɗan wata 7 abinci salam, ba gishiri ba magi ba sukari, na ɗanɗana naji ko ni bazan iya ci ba. Nace ko zuma ce ta ɗiga masa yaji daɗi ta ƙi, wai a asibiti aka hana. Ni na raini yara da yawa ban taɓa jin haka ba. Ki faɗa min gaskiya, wannan ba horo bane ga yaro?
Daga wata kaka

AMSA: Mama ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma ya bar mana ku. Na san tausayin jikanki ne yasa kika damu, kuma gaskiyar da kika nema zan faɗa miki ita: surukarki tana kan daidai, kuma na roƙe ki ki zama ke ce mai mara mata baya.

Mu manya harshenmu ya saba da gishiri shekara da shekaru shi yasa abinci ba shi muke jinsa salam. Shi yaron nan bai san wani ɗanɗano ba banda nono, karas a bakinsa zaƙi ne, kabewa zaƙi ce, ba abin da yake jin an rage masa. Ƙodarsa kuma bata yi ƙwarin da zata iya tace gishiri mai yawa ba. Abin da aka ƙayyade wa yaron da bai kai shekara ba bai kai giram 1 a yini ba, kuma wannan ɗin yana samunsa a nono da abincin kansa ba sai an barbaɗa ba. Magi kuwa kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, saboda haka hukuncinsu ɗaya. Sukari shi kuma yana cinye haƙoran da suke fitowa, yana kuma koya wa yaro ƙin duk abin da ba zaƙi, shi yasa ake cewa a bar shi har sai ya wuce shekara 2. In ana son ɗanɗano akwai albasa, akwai tumatir, akwai ɗan tafarnuwa, in zaƙi ake so a murje ayaba nunanniya a ciki.

Amma zumar nan Mama, ita ce nake so ki riƙe da kyau, don ita ba maganar zaƙi bace kawai. Zuma abu ce mai kyau ga babba da yaron da ya wuce shekara ɗaya. Sai dai wani lokacin tana ɗauke da irin wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, wadda hanjin babba yake gamawa da ita ba tare da ya sani ba, amma a hanjin jariri sai ta tsiro ta saki dafi, cutar ana kiranta botulizim. Dafin jijiyoyi yake kamawa, sai aga yaro ya daina bayan gida, tsotsonsa yayi rauni, kukansa yayi ƙasa-ƙasa, wuyansa da jikinsa su saki, in abin yayi tsanani har numfashi yake taɓawa. Ba kowace zuma bace ke da ita, shi yasa zaki ga yara da yawa sun sha lafiya lau, amma babu yadda za a gane wacce ce mai ita, kuma dafawa irin ta gida bata kashe irin. Wata 5 kacal ya rage wa jikanki ya cika shekara, a jira.

In kina son ki sauƙaƙa wa surukar taki aiki, ga inda hannunki zai yi amfani: duk sanda ake girkin gida a ɗebe na yaron tun kafin a sa gishiri da magi da yaji, a murje masa. Ba sai an ɗora masa tukunya daban kullum ba.

TAMBAYA: Malama barka da ƙoƙari. Ni uba ne, ina da borin jini tun ina yaro in naci wasu abubuwa. Ɗana ya shiga wata 6, nace wa mamansa kar a bashi ƙwai da gyaɗa da kifi sai ya shekara biyu ko uku don kar ya gado ni. Ita kuma tace taji akasin haka. Wa ke da gaskiya?
Daga baban yaro

AMSA: Malam, uwargida ce tayi gaskiya wannan karon, amma kai ma ba daga kanka ka ƙirƙiro ba, a da likitoci da kansu haka suke cewa a jinkirta. Abin da ya juya maganar wani bincike ne da aka yi a Landan aka fitar da sakamakonsa a 2015, ana kiransa LEAP. An ɗauki jarirai 640 ƴan wata 4 zuwa 11 waɗanda ake tsoron zasu samu alajin gyaɗa, wato borin jini in sun ci ta, saboda suna da ƙyasbin fata mai tsanani ko alajin ƙwai, aka raba su biyu, wasu ana basu abincin gyaɗa akai-akai wasu an hana su. Da suka kai shekara 5, cikin waɗanda aka hana kusan kashi 17 cikin 100 sun samu alajin, cikin masu ci kuwa kusan kashi 3 ne. Jinkirin da ake ganin kariya ne ashe shi ke ƙara buɗe ƙofa.

Saboda haka a bashi, amma da tsari. Abu ɗaya sabo a lokaci guda, da safe ko da rana yadda za a samu awanni ana kallonsa, a fara da ɗan kaɗan a bakin cokali, in lafiya lau a ƙara, a bar kwana biyu uku kafin a kawo wani sabon cikin irin waɗannan. In ya karɓa kuma a ci gaba da bashi duk sati, kar ace an gwada shikenan a manta. Ƙwai ya dahu sosai. Gyaɗa sai niƙaƙƙiya lukwi an dama ta a cikin abinci, ba ƙwayarta ba, ita da sauran dangin ƙwaya masu tauri ba a ba yaro su ɗungurungum sai ya kai shekara 5 saboda shaƙewa. A kuma tsince ta da kyau, duk wadda tayi fumfuna ko ta canza launi ko take ɗaci a zubar, haka masara, don fumfunar nan tana sakin guba mai lahanta hanta wadda wuta bata kashewa.

In kaga ƙuraje sun feso masa ko fatarsa tayi ja tana ƙaiƙayi ko yayi amai bayan ci, a tsaya da wannan abincin a kai shi a gani. In kuwa leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya canza, ko jikinsa ya saki, wannan gudu ake yi asibiti a take. Kuma in yaron dama yana da matsalar fata mai tsanani, ku ga likita tukuna kafin a fara gyaɗar.

TAMBAYA: Anti ni ma'aikaciya ce, bakwai na safe nake fita sai yamma, mai raino nake barwa ƴata ƴar wata 9. Bana son na gwangwani kullum amma bazan iya girki sau uku a rana ba. Zan iya dafawa da yawa in ajiye? Kuma bani da bilenda, dole ne sai na saya?
Daga maman ƴan mata

AMSA: Bilenda ba dole bace ko kaɗan, a wata 9 ma gara babu, don yanzu lokacin ne da ya kamata ta bar abinci mai sulɓi ta koma mai ɗan gudaji-gudaji da wanda zata riƙe da hannunta, yankan ayaba, dafaffen karas da ya yi laushin da zaki iya latse shi tsakanin yatsu biyu, fiya, gutsuren ƙwai. Bayan cokali da rariya sun isa. Yaran da aka daɗe ana niƙa musu komai har suka wuce wata 9 zuwa 10 su ne suka fi bada wahala daga baya, abu kaɗan ya taɓa musu harshe sai kakari.

Ajiya kuma ya danganta da abin da kike da shi. In akwai firji mai sanyi tsayayye, ki dafa, ki raba a ƙananan robobi masu murfi yadda zai huce da wuri, ya shiga firji cikin awa 1 zuwa 2, a cinye cikin kwana 2. Shinkafa ita ta fi tsauri, ta huce cikin awa ɗaya kuma kar ta wuce awa 24. In akwai firiza ki zuba a farantin ƙanƙara mai gida-gida, in ya daskare ki juye a leda mai zif ki rubuta kwanan wata, ki yi ƙoƙarin ƙarar da shi cikin wata guda. Amma fa in sanyin yana zuwa yana tafiya har abin ya narke ya sake daskarewa, wannan ba ajiya bace, kar ki ba ta. In babu firji gaba ɗaya, dafaffen abinci awa 2 ne iyakarsa a waje. Abin da zai fisshe ki a nan shine busasshen gari: ki gasa hatsinki da wakenki da gyaɗarki ki niƙa ki adana a mazubi mai murfi inda ba danshi, mai raino ta ɗiba ta dama sabo cikin minti goma, ta dafa ƙwai ɗaya, ta ɓare ayaba.

Abu uku zaki nanata wa mai rainon har ta haddace. Ɗumame sai yayi zafi har tsakiya yana tururi sannan a barshi ya huce, ba ɗan ɗumi-ɗumi ba, kuma sau ɗaya ake ɗumamawa. Abin da ya rage a kwanon da cokali ya shiga bakinta ya dawo, zubarwa ake yi, yawu ya riga ya shiga. Sannan wanke hannu da sabulu, nata da na yarinyar, kafin a taɓa abinci da kuma bayan canza nafkin. Na gwangwanin kuma in ya kama ranar da kika gaji kar ki ɗora wa kanki laifi, ki dai karanta jikinsa ki guji mai sukari.

TAMBAYA: Zan iya ba ɗan wata 7 shayi da madara da safe? Jus ɗin da na matse da kaina fa?
Daga wata mai karatu

AMSA: Shayi a'a, yana hana jiki ɗaukar ayon ɗin da kike wahalar sa masa a abinci. Jus ma ko na gida ne a barshi sai bayan shekara, ki bashi ɗan itacen kansa ki murje masa yafi. Madarar shanu ana iya girki da ita ko a bashi yogot mara sukari, amma in yana shan nono kar ta maye gurbinsa. Abin sha bayan nono ruwa ne mai tsafta a kofi, ƴan kurɓi lokacin cin abinci, in baki yarda da ruwan ba ki tafasa ya huce.

TAMBAYA: Anti na gaji wallahi. Ƴata wata 10, in na kawo cokali sai ta datse baki ta kau da kai, in na samu ya shiga sai tayi kamar zata yi amai, ni kuma tsoro nake kar ta ƙware. Jiya har kuka nayi. Wata tace in kwantar da ita a cinya in toshe mata hanci in ɗura mata. Ya zanyi?
Daga uwa mai damuwa

AMSA: Sannu ƙanwata, share hawayenki, uwar da bata damu ba bata kuka akan cokali. Amma ɗurar nan dan girman Allah kar ki yi, ko sau ɗaya. Yaron da ke kwance yana kuka an toshe masa hanci, numfashi yake nema da baki, abincin sai ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, daga nan ciwon huhu, wani kuma a wajen numfashin ke tsayawa. Ko an tsira daga wannan, ta koyi cewa cokali abin tsoro ne, gobe datse bakin zai fi na yau.

Ki canza yanayin gaba ɗaya. Ki zaunar da ita a miƙe lokacin da kuke cin naku, ba tana jin barci ba kuma ba yanzu ta gama shan nono ba, ki kashe talabijin ki ajiye waya, ki sa mata ƴan yanka masu laushi a gabanta ki ƙyale ta ta dama ta shafa a fuska, ke kuma ki ci tana kallo. Ki bata cokali ɗaya ta riƙe kina da naki. In ta buɗe baki ki bata, in ta kau da kai ki dakata, in minti 20 ta wuce ki ɗauke ba faɗa. Abin da ta ƙi yau ki sake kawowa bayan kwana biyu, yara da yawa sai an kawo musu abu sau goma ko fiye kafin su karɓa. In bata da lafiya ne ko haƙori ke fitowa cin zai ragu dama, ki yawaita nono ki bata kaɗan-kaɗan abin da ta fi so, in ta warke ki ƙara mata ci ɗaya akan na kullum na sati biyu ta mayar da abin da ta rasa. In kuma ƙin cin ya ɗauki makonni tana ramewa, ko tafin hannunta da cikin idonta sunyi fari, a kaita a duba jininta, ƙarancin jini da kansa yana kashe sha'awar abinci.

Kakarin da take yi kuma daban yake da shaƙewa, kuma ya kamata ki iya rarrabewa. Mai kakari tana da ƙara, tana tari, fuska tayi ja, ido yayi ruwa, harshe ya turo abin waje, wannan jikinta ne ke kare kansa, ki natsu ki barta ta fitar, kar ki zura yatsa don kina iya tura shi ciki. Wadda ta shaƙe kuwa shiru zaki ji, ba kuka ba tari, leɓe ya fara canza launi. A nan ki kifa ta akan hannunki ko cinyarki kanta yana ƙasa da ƙirjinta kina tallafe da haɓarta, ki bugi tsakanin kafaɗunta da tushen tafin hannu sau 5, in bai fito ba ki juyo ta rigingine ki danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu, ƙasa kaɗan da layin nonuwa, sau 5, ki dinga maimaitawa wani kuma yana neman taimakon gaggawa. Ba a matsa cikin jaririn da bai shekara ba. In akwai inda ake koyar da taimakon farko kusa da ke ki je ki gwada da hannunki, ke da duk mai zama da ita. Sannan inibi da duk wani abu mai zagaye a tsaga shi a tsaye gida huɗu, ɗanyen karas da tufa mai tauri a dafa ko a goga, kuma ko ruwa zaki ɗebo kar ki barta ita kaɗai da abinci a gabanta.